Garin kratom na gidajen mai: akwai mai aminci kuwa?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙanina direban tirela ne a nan Amurka, ya fara shan wani garin ganye wai shi kratom saboda ciwon baya da gajiyar tuƙi. A gidan mai yake saye. Da na yi magana sai ya ce ai da yana da illa gwamnati ba za ta bari a jera shi a kanta ba. Don Allah in akwai kamfanin da ya fi aminci ku faɗa min, in ce ya koma can.

Mai Haɗa Magani: Wa alaikumus salam. Anti, ki fara raba shi da wannan tunanin. Tun dokar 1994, kayan ganyayyaki na ƙarin lafiya ba sa jiran sahalewar hukumar abinci da magunguna ta FDA kafin su shiga kasuwa, hukumar sai dai ta biyo sawu in an samu matsala. Shi kratom kuwa ba ta amince da shi a matsayin maganin komai ba. Bishiya ce ta Tailan, Indonesiya da Malesiya, dangin gahawa. Kaɗan yana wartsake mutum, da yawa yana kashe jiki ya danne ciwo, domin sinadaransa suna taɓa inda tiramadol da kodin ke taɓawa a ƙwaƙwalwa. Mai sha kullum jikinsa zai saba, ranar da bai samu ba ya kasa barci, ga zufa ga ciwon gaɓɓai.

Alhaji Direba: Ni abin da ya fi tsorata ni shi ne sana'arsa. Gwamnatin tarayya ba ta haramta shi ba. A 2016 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta DEA ta ce za ta sa shi a jerin miyagun ƙwayoyi, jama'a suka yi ca, ta janye. Tun daga nan kowace jiha take yin gaban kanta. Alabama, Akansas, Indiyana da Wiskonsin sun haramta tuntuni, Luwiziyana ta bi sahu a 2025. Ka saya a Shikago lafiya lau, cikin ƙasa da awa guda ka shiga Indiyana, abin da ke aljihunka ya zama laifi. Ki ce masa kada ya bar shi a mota, kada kuma ya sha ya hau sitiyari.

Malam Babba: To ni ban ga abin dogon zance ba. Duk abin da ke juya hankali a bar shi, jihohin da suka haramta su suka yi daidai.

Mai Haɗa Magani: Malam, Allah ya ƙara girma, a kan a bar shi ba mu da saɓani. Amma wanda ya riga ya saba, haramci kaɗai ba ya warkar da shi, intanet yake komawa ya sayi wanda ba a san asalinsa ba. Shi ya sa jihar Yuta ta bi wata hanya a 2019, Jojiya, Arizona da Nebada ma suka yi irin dokar a shekarar: kada a sayar wa yara, a rubuta abin da ke ciki a jikin kwali, kada a gauraya shi da wani abu mai haɗari. Yuta ta kuma ce sinadarin 7-OH, wani mai ƙarfin gaske da ke cikin kratom, kada ya wuce kashi 2 cikin 100 na sinadaran da ke ciki. Matsalar ita ce doka a takarda daban, mai zuwa ya ɗauki kaya ya kai gwaji daban, kuma ba kowace jiha ce ta ware kuɗin wannan aikin ba.

Uwar Gida: Wannan 7-OH ɗin fa shi za ki fara dubawa, Maman Biyu. A ganyen asali ɗan mitsitsi ne, amma yanzu ana tace shi a yi ƙwaya, alawa da 'yan ƙananan kwalabe, a rubuta kratom a jiki. A Yulin 2025 FDA ta nemi a sa irin wannan tacaccen cikin ƙwayoyin da doka ke tsarewa, Fulorida kuma ta hana sayar da shi a watan Agusta. In nasa ƙwaya ce ko kwalba, maganar ta wuce ta ganye.

Ɗan Auta: Yaya, tunda sunan kamfani kika tambaya, ni ba zan ba da ba, don ko garin ganyen ma ba a tsira ba. A 2018 ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da ke cikinsa ta kama mutum 199 a jihohi 41, a 2019 kuma FDA ta gano dalma a wasu da ta gwada. In ya ƙi bari, aƙalla ya nemi takardar gwaji daga ɗakin binciken da ba na kamfanin ba, lambar da ke jikinta ta dace da ta kwalin. Duk kwalin da ya ce yana warkar da ciwo ko yana raba mutum da ƙwaya, ya ajiye musu abinsu, doka ma ba ta yarda su rubuta haka ba.

Mai Haɗa Magani: Na yarda da Auta. Ƙari kawai: kada ya haɗa shi da maganin barci, na damuwa ko na kashe ciwo, nan ne numfashi ke raguwa. Ya gaya wa likitansa gaskiya, a duba bayan nan da kyau, in zai daina a tsara masa yadda zai rage. Ku ajiye lambar cibiyar kula da guba, 1-800-222-1222, kyauta ce dare da rana. Naloxone na fesawa a hanci, mai farfaɗo da wanda ƙwaya irin su kodin ta danne wa numfashi, shi ma tun 2023 ana sayensa ba tare da takardar likita ba.

Uwar Gida: Kava fa, wannan saiwar da ake sha don kwantar da hankali? Maƙwabciyata na sha wai don barci.

Mai Haɗa Magani: Shi hanta ake ji masa. FDA ta yi gargaɗi a kai tun 2002. In tana shan farasitamol a kai a kai ko tana da ciwon hanta, ta haƙura da shi, in kuma ta ga idonta ya yi rawaya ta tafi asibiti a ranar.