Waɗanda aka mayar wa ɗan tayi daga ƙanƙara, ku zo ku ba ni labari

'Yar Nima:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shekarata 8 da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. A Rajab aka cire mini ƙwai 19 a wani asibitin haihuwa nan Accra, aka haɗa da na maigida a lab, aikin da ake kira IVF, 'yan tayi guda 5 suka kai kwana biyar. Ina murna za a mayar mini, sai likita ya ce a'a, cikina ya kumbura, ruwa ya fara taruwa saboda allurai, idan ciki ya shiga a haka abin zai iya kwantar da ni. Aka daskarar da su duka. Azumi ya zo ya wuce, yanzu an ce in kira su ranar da na ga jini. Tun da aka faɗa mini haka barci ya ƙaurace mini. Idan aka narkar da su ba sa mutuwa? Wutar nan da ake ɗaukewa ba ta taɓa su ba? Kuma sakawar da zafi? Ba ni da wanda zan tambaya, uwar mijina ma abin da ta sani kawai ina zuwa asibiti.

Maman 'Yan Biyu, Aboabo:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu aka yi mini, bari in gaya miki abin da ni ba a gaya mini ba. Ranar sakawar ita ce mafi sauƙi a cikin tafiyar. Aikin yana cikin makonnin da ke gabanta.

Ni a rana ta biyu da ganin jini aka ɗora ni a kan Progynova, sau uku kullum, don shimfiɗar mahaifa ta yi kauri. Rana ta 12 aka yi sikanin, likita ya auna ya ce milimita 6, su kuma ba sa son sakawa sai ta kai 7 ko 8. Aka ɗaga. Wallahi daga asibiti har Kejetia kuka nake cikin tasi, direba yana ta ba ni haƙuri da Twi, ya ɗauka rasuwa aka yi mini. Aka ƙara mini magani, bayan mako guda ta kai 8. Yanzu da nake tunawa, ɗagawar nan alheri ce, don 'yan tayin suna nan a ajiye ba inda za su, mahaifar ce ake jira ta shirya.

Daga nan sai maganin matsi, Cyclogest, mai sinadarin da ke riƙe ciki, safe da dare. Nan fa ki buɗe kunne. Wanda aka daskarar yana ɗan kwana biyar, sai kin cika kwana biyar cur kina sa wannan magani sannan a mayar da shi a rana ta shida, don mahaifa ta zama daidai da shekarunsa, in ce kwanakinsa. Lokacin da suka ce ki fara, shi ne lokacin. In sun ce ƙarfe takwas na safe, kada ki ce bari in gama sallamar masu sayen koko. Ni ƙararrawa uku na sa a waya, maigida ma ya sa a tasa.

Na farko bai kama ba. Na biyu na matsa wa likita lamba sai ya sa guda biyu, ina ganin kuɗina ba za su tafi a banza ba. Duka suka kama. Alhamdulillahi suna nan suna ta ɓarna, amma hawan jini ya kwantar da ni, aka ciro su a mako na 33, muka yi kusan wata a sashen jarirai na Gee, babban asibitin Komfo Anokye na Kumasi. Kina da guda 5 kuma da ƙuruciyarki, idan ya ce ɗaya-ɗaya za a riƙa sawa, kada ki yi masa gardama irin tawa.

Mai Aikin Lab:
'Yar'uwa, na yi aiki a ɗakin da ake ajiye su, bari in amsa miki zancen wuta tukuna. Ba a firji suke ba. Suna cikin wata tukunya mai kama da ƙaton fulas, cike da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Tukunyar ba ta da wayar da ake jonawa, ruwan kawai ake dubawa ana ƙarawa kafin ya ragu. Ko dumsor, ɗaukewar wutar nan, ta kwana uku aka yi, su ba su sani ba. A wannan sanyi komai na jikinsu a tsaye yake cik, shi ya sa wata uku da shekara uku kusan duk ɗaya ne a wurinsu. Na'urar da ke buƙatar wuta ita ce wadda ake ɗumama su a ciki bayan an fito da su, don haka ki tambayi asibitinki janareta da batirinsu, ba rashin kunya ba ne.

Abin da ke kashe ɗan tayi a daskarewa shi ne tsinin ƙanƙara da ke fitowa cikin ruwan jikinsa ya huda shi. A da a hankali ake sanyaya su, ana asarar da dama. Yanzu sai a fara tsoma shi a wani ruwan magani da ke zuƙe ruwan jikinsa ya maye gurbinsa, sannan a jefa shi cikin naitirojin farat ɗaya, ya sandare kamar gilashi ba tare da ƙanƙara ta samu damar fitowa ba. Da wannan hanya, fiye da 9 cikin 10 suna farfaɗowa lafiya.

Ranar sakawa da safe za mu ciro ɗan tsinken da yake kai, mai sunanki da lambarki, mu tsoma shi nan take cikin ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37. Saurin nan ma dole ne, don ƙanƙarar da aka guje wa wajen daskarewa tana iya fitowa wajen narkewa idan aka yi nawa. Daga nan a bi da shi ruwa-ruwa, kowanne sukarinsa bai kai na baya ba, har maganin ya fita, ruwa ya koma jikinsa a hankali. Duka bai fi minti 15 ba. Yana fitowa a tsuke kamar busasshen zabibi. Sai mu sa shi a ɗumi mu jira awa biyu ko makamancin haka. Idan ya fara cika yana kumbura, mun san da rai. Na ga wannan ba adadi, amma har na bar aikin ban daina leƙawa da faɗuwar gaba ba.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1984 aka haifi yarinya a Melbourne ta Ostiraliya daga ɗan tayin da aka daskarar, shekara 6 bayan Louise Brown, jaririyar IVF ta farko a duniya, da aka haifa a Ingila. Kuma in kin ji ana ta tambayarki sunanki da ranar haihuwarki sau uku sau huɗu kafin a saka, kada ki ƙosa. Wurin da ba su tambaya ba shi ne abin tsoro.

Baƙuwar Madina:
Ba don in karya miki gwiwa ba, amma kin ce a ba ki labari. Ni ina cikin ɗayan nan da ba ya farfaɗowa. Guda 3 nake da su. Ina cikin tirotiro, motar haya, wajen tashar 37 a Accra aka kira ni, wai na farkon bai tashi ba, in na yarda a narkar da na biyu. Na ce to, me zan ce? Aka saka, na yi kwana 11 ina lallaɓa kaina kamar ƙwai a cokali, gwajin jini ya fito babu.

Abin da ya fi ci mini rai, ba wanda ya zaunar da ni tun farko ya ce hakan na iya faruwa, ko ya tambaye ni guda nawa za a narkar idan na farko ya ƙi. A waya, cikin hayaniyar mota, na yanke shawarar. Ki zauna da maigidanki da likita ku gama wannan magana kafin ranar. Na ukun yana nan, ina biyan kuɗin ajiyarsa, zuciyata ce ba ta shirya ba tukuna. Likitar da nake gani yanzu ta ce tun da jinina yana zuwa daidai, za a iya bin watana kawai, a riƙa sikanin har ƙwai ya fashe da kansa sannan a ƙirga kwanakin, ba sai na sha Progynova ba. Ku sa ni a addu'a.

Maman 'Yan Biyu, Aboabo:
Allah ya sa na ukun nan shi ne rabon, Baƙuwa. Na ji wannan har cikin raina.

Wani Miji, Fadama:
Ku yi haƙuri na shigo zancen mata, matata ce ta miƙo mini wayar. Ƙanwata, ki gaya wa maigidanki ya zauna a gari wannan makon. Asibitinmu ba su taɓa tukunyar ba sai da na sa hannu a takardar yardar narkarwa, ni kuma na tafi Tamale ɗauko kaya, da kyar na iso.

Kafin mu fara na je wurin malaminmu. Ya ce tun 1980 Muftin Masar ya ba da fatawar halascin wannan aiki, matuƙar ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma cikin mahaifarta za a mayar. Ya ƙara da cewa na daskarewar sai igiyar aure tana nan ake saka shi, in an rabu ko miji ya rasu, shi ke nan. Zancen kuɗi kuwa, katin inshorar lafiya na NHIS ba ya ɗaukar ko kwabo a nan. Mu da adashinta da kuɗin babur ɗina muka haɗa. Sauƙin dai mayar da na ajiye bai kai kuɗin farawa daga tushe ba, tunda ba allurar tsiro da ƙwai, ba cirewa.

Anti Mai Waakye, Asawase:
Zafi? 'Yata, fitsari ne zai dame ki, ba zafi ba. Za su ce ki sha ruwa ki riƙe, don mafitsara in ta cika tana miƙar da mahaifa, hoton sikanin ma ya fi fitowa. Ni da rawar kai na shanye Voltic babba, aka kuma yi jinkirin kusan awa. Na hau gadon nan ina karanta duk addu'ar da na sani, ba don ɗan tayi ba, don kada in yi abin kunya a gaban likita.

Ba allurar barci. Ƙarfen nan na duba mata za a sa, sai wani siririn bututu mai laushi ya bi ta bakin mahaifa, nas tana danna na'urar sikanin a mararki. Suka juyo mini talabijin ɗin, na ga wani ɗan farin ɗigo ya bayyana, aka ce iskar da ta rako ɗan tayin ce, shi kansa ido ba ya ganinsa. Mai lab ta koma da bututun ta duba a madubinta ko ya maƙale, ta ɗaga murya ta ce babu komai. Minti goma ba mu yi ba. Na ƙi tashi in yi fitsari wai kada ya faɗo, nas ta yi dariya ta ce hanyar ba ɗaya ba ce Hajiya, tashi.

A Accra aka yi mini, washegari na hau motar VIP a Circle na koma Kumasi, duk ramukan hanyar Nkawkaw ba su fitar da shi ba, ga shi nan yana aji uku. Mahaifiyata ta so in kwanta mako biyu ko tsintsiya kada in ɗaga, likita ya ce kwanciyar ba ta ƙara komai, in yi harkata, in dai bar ɗaukar tukunyar waakye. Abu biyu kawai zan ja kunnenki. Kada ki sha wani jiƙo ko tsimi da za a kawo miki, kowa ya kawo ki karɓa ki ajiye. Kuma kada ki daina magungunan don kin ga ɗan jini ko gwajin fitsari na gida ya nuna babu. Gwajin jini ne mai magana. In ya kama ma za ki ci gaba da su har wajen mako 10 zuwa 12, sai mabiyiya ta karɓi aikin, don a irin wannan shiri jikinki bai saki ƙwai ba balle ya yi sinadarin riƙe cikin da kansa.

'Yar Nima:
Allah ya saka muku da alheri, na karanta wa maigida duka. Jinin ya zo shekaranjiya, na fara Progynova jiya. Na tambaye su janareta, har nas ta ce wa ya koya mini. Mun yi magana da likita, ɗaya za a saka, in bai tashi ba a narkar da na biyu, in shi ma ya ƙi a tsaya a kira mu. Baƙuwar Madina, kina cikin sujjadata. Sikanin ranar Laraba ta sama. Anti, ruwan kofi nawa ya kamata in sha?

Anti Mai Waakye, Asawase:
Kofi biyu zuwa uku, awa guda kafin lokacin, sai dai in sun faɗa miki wani abu daban. Kuma ki bar turare a gida ranar, ke da maigidan duka, masu lab ba sa so.