Inbata mai kVA nawa za ta ja kayan gidana har da firij?

Abu_Hafsat:
Slm 'yan uwa, dan Allah masu ilimin wuta ku taimaka min. Inbata nake so in saya, wani ya ce 1kVA (kVA ne ma'aunin girman inbata) ta ishe ni wani kuma ya ce in ban sayi 3.5 ba asarar kuɗi zan yi, kaina ya ɗaure. Kayan da zan ɗora mata fankar sama 3, ƙwan LED 8, tibi da dikoda, laftof, sai ƙaramin firij. Uwargida kuma ta ce lallai a sa da ayan ɗin guga.

Injiniya_Mai_Waya:
Wslm Malam. Kafin ka je wajen mai sayarwa ɗauki biro ka zagaya gidan, kowane kaya akwai 'yar takarda a bayansa da aka rubuta wat ɗinsa. Bari in yi maka ƙiyasi, fanka kamar 70 kowacce 210 kenan, ƙwai 10 sau 8 ya ba ka 80, tibi da dikoda ka ce 80, laftof 65, firij 150. Duka 585.

To inda mutane ke faɗawa rami shi ne kVA ba wat ba ne, yawanci 0.8 ake ninkawa da shi, wato 1kVA wat 800 ce kawai. A takarda ta ɗauke ka, amma firij mugu ne, lokacin da kwamfiresonsa, wato injinsa, zai tashi yana fizgar ninki uku zuwa biyar ko fiye na abin da aka rubuta, daƙiƙa ɗaya zuwa biyu ne amma ya isa inbata ta yi ƙara ta ɗauke. Ni dai 1.5kVA mai 24V zan ce ka saya, kuma ka tabbata an rubuta pure sine wave a jikinta, wato mai ba da wuta sumul irin ta NEPA, wadda ba ita ba tana sa fanka gurnani kuma injin firij ba ya sonta.

Ayan kam ka ba Hajiya haƙuri, shi kaɗai wat 1000 ne ko sama.

Maman_Ilham:
Wlh gaskiya Injiniya ya faɗa, mu 1kVA aka haɗa mana, komai lafiya lau har sai firij ya yi wannan ƙas ɗin nasa, sai ka ji tiiii gida ya yi duhu yara na tsakiyar kallo, a ƙarshe dai cire shi muka yi daga layin gaba ɗaya.

Abu_Hafsat:
Na gode sosai. To in na daure na sayi 3.5kVA ɗin ai za ta kai ni asuba ko?

Sola_Boy:
A'a Yallaɓai, nan ne fa aka fi yin kuskure. Girman inbata yawan kayan da za ka kunna lokaci guda yake nufi, daɗewa kuma aikin batir ne. Batir 12V 200Ah wat-awa 2400 ke cikinsa, biyu da inbata mai 24V ke buƙata 4800, in na ruwa ne rabi ake so ka sha in kana so ya yi ƙarko, saura 2400, inbatar ita ma tana cin nata kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Raba abin da ya rage da 585 ka gani, awa uku da rabi ne, ko huɗu tunda firij yana hutawa. Babbar inbata ma ko ba ka kunna komai ba ta fi ƙarama shan batir. Batirin litiyom kuwa ana iya shan kashi 80 nasa ko fiye. Kuma kar ka yarda a sa maka siririyar waya tsakanin batir da inbata, zafi take yi.

Abu_Hafsat:
Tabɗi, ashe batir ne zai cinye ni ba inbata ba. Bari in je in leƙa bayan firij ɗin in dawo muku da lambar.