Musayar Waƙa: Kujerar Gudanarwa, Kaso ko Cancanta?

Mai Tawada: Na buɗe fage da dokar da ƙasar Nowe ta kafa a 2003 kan hukumomin gudanarwar manyan kamfanoni.

A Nowe an ware wa mata kaso,
Arba'in cikin ɗari, ko ba a so.
Kujera ta mai ƙwazo ce, 'yan'uwa,
Ba kyauta ba ce da ake rarrabawa.

Tauraruwa:

Malam, koma ka karanta da kyau,
Kowane jinsi dokar ta kare a yau.
Shekara takwas ina horar da baƙi,
Su hau, ni in zauna da tarin aiki.
Cancantar da kake ta yi wa kirari,
Ina take ranar da manaja ya zaɓi abokinsa a asiri?

Gizago: Allah ya ƙara basira, Malama! Wannan baiti ya rufe bakin mai tawadar da ta bushe.

Dattijon Aruli (masanin ma'aunin waƙa): Ku yi hattara da yabon son kai. Ɗangon ƙarshe na Malama ya zarce 'yan'uwansa da gaɓoɓi masu yawa, kuma "baƙi" da "aiki" ba su cika amsa-amo ba, domin harafin ƙ daban yake da k.

Tauraruwa: Baba, kun auna ɗangona da sikeli, amma kun bar "rarrabawa" ta wuce da ɗingishinta. Haka ake yi mana a wurin aiki.

Mai Tawada:

Ngozi Okonjo-Iweala ta hau shugabanci ba da kaso ba,
Hukumar Kasuwancin Duniya ba ta musa ba.
Ilimi ya kai ta, ki bar kuka,
Mai rijiya ba ya roƙon guga a daka.

Tauraruwa:

Tun 1995 aka kafa gidan,
Sai 2021 mace ta hau kan.
Shekara ashirin da shida, ka lissafa,
Duk babu mai ilimi, ko an rufe ƙofa?
Nana Khadija ta ɗauki ma'aikata,
Ba ta nemi izininka ba a kan dukiyarta.

Dattijon Aruli: Lambobi ba sa hawa kari, kuma duk wanda ya rera "1995" zai ji harshensa ya harɗe.

Gizago: Baba, a bar mana aruli zuwa gobe.

Mai Keke: Na makara da kwana biyu, amma ga nawa, domin kun manta da mu masu buƙata ta musamman.

Kuna gardama kan wa zai zauna,
Ni ƙofar ɗakin taron nake hangowa daga rana.
An kira ni ganawa a hawa na uku,
Matakala ta ce da kekena: ba da ku.

Mai Tawada: Wannan kam ban shirya masa amsa ba, Malam, sai na sake jiƙa tawada.

Dattijon Aruli: Ɗango na biyu ya yi tsawo, amma na ƙarshe ya zauna daram.