Kare ya ciji ɗana shekaranjiya, ciwon ya fara bushewa. Sai an yi masa allurar haukan kare?

Maman Sadiku, daga Giwa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka min da shawara, hankalina ya ƙi kwanciya. Ranar Litinin da la'asar na aiki ɗana Sadiku, mai shekara bakwai, ya karɓo min niƙa. A hanyar dawowa karen maƙwabcinmu, wanda yake fita farauta da shi, ya cafke shi a sharaɓa. Haƙori biyu sun shiga, jini ya fito amma ba da yawa ba. Abin da ya ɗaure min kai, karen nan ya san yaron, har ƙanzon tuwo yake jefa masa, kuma bai tsokane shi ba.

Kafin in fito daga banɗaki Hajiya, uwar maigidana, ta sa an yanko gashin karen an ƙona an shafa tokar a ciwon. Da magariba muka kai shi kemis, aka yi masa allurar tetanus aka ba mu kafso. Washegari samarin unguwa suka kashe karen suka jefa a rafi, don mai shi ya ce kwana biyu ba ya cin abinci, sai tauna igiyar da aka ɗaure shi da ita.

Yau Laraba, ciwon ya fara kamewa, yaron yana wasansa. Maigida ya ce tunda an yi allura a kemis a bar wa Allah, kuma ya ji ance ta asibitin da tsada. Allurar kemis ɗin ta isa?

Anti Nas, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam Maman Sadiku. Ba ta isa ba. Tetanus daban, haukan kare daban. An kyauta da aka yi masa ta tetanus, amma ba ruwanta da wannan cutar. Gobe da sassafe ki kai shi babban asibiti, in da hali ma yau.

Kafin nan, yanzu da kike karanta wannan, ki ɗauki sabulu da buta. Ki wanke ciwon kina kwarara ruwa har minti 15 cur, ki duba agogon waya, don minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. Ki fitar da tokar nan tas, sannan ki shafa aidin. Kada ki ɗaure shi tam, kuma kada ki yarda wani ya ɗinke. Wankin ya fi amfani a take lokacin cizon, amma ko yanzu ki yi.

Bushewar ciwon kada ta ruɗe ki. Ƙwayar cutar tana cikin yawun kare, in ta shiga nama sai ta kama jijiya tana hawa a hankali har ƙwaƙwalwa, fata kuwa ta daɗe da warkewa a sama. Yawanci wata biyu zuwa uku take ɗauka, wani lokaci mako ɗaya, wani har shekara. Cizon fuska, wuya da yatsu ya fi saurin kaiwa. Duk tsawon tafiyar nan allura tana iya tare ta. Ranar da alama ta fito kuwa, zazzaɓi, ƙaiƙayi ko zugi a tsohon tabon, tsoron ruwa, to babu asibitin da ke da magani, a nan ko a Turai.

Allurar ba ɗaya ba ce. Ranar farko, sai bayan kwana 3, bayan kwana 7, sai wata tsakanin kwana 14 da 28, duk ana ƙirgawa daga ta farko. Wasu asibitocin suna bin tsarin guda biyar. A dantse ake yi, jarirai a cinya. In kin ga za a yi masa a ɗuwawu ki yi magana, ba ta aiki sosai a can. Kuma tunda haƙori ya huda fata har jini ya fito, ki tambayi wadda ake kira imunogulobulin, ita a cikin ciwon da gefensa ake tsira ta. Tana wuyar samu, amma ana iya yin ta har kwana bakwai bayan allurar farko. Rashinta kada ya hana a fara ɗayar.

Ɗan Birni:

Allah ya ba shi lafiya. Ni dai abin da na sani, yawun kare sau bakwai ake wankewa, ɗaya da ƙasa. Ku yi hakan ku haɗa da tofi, in sha Allahu ba abin da zai same shi.

Malam Na-Samaru, likitan dabbobi:

Ɗan Birni, wancan hukuncin ƙwaryar da kare ya yi lallagi a ciki ne, maganar tsarki. Zuba ƙasa a buɗaɗɗen ciwo gayyatar tetanus ne. Tofi a yi, addu'a a yi, amma a hanyar asibiti.

Maman Sadiku, ni abin da ya fi tayar min da hankali a labarinki shi ne karen. Kare da ya san yaro ya cije shi ba tsokana, ya daina cin abinci, yana tauna igiya, wannan a wurinmu mahaukaci ne har sai gwaji ya ƙaryata. Mutane suna jiran su ga kare yana dalalar da yawu yana bin jama'a a guje. Akwai wanda ba ya haka sam: sai ya yi laƙwas a lungu, muƙamuƙinsa ya saki, ka ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa. Masu karnuka da yawa a nan suke kamuwa, wajen zura hannu a baki su ciro ƙashin da babu shi.

Da an bar shi da rai, ɗaure shi za a yi a sa masa ido kwana goma. Karen da yawunsa ke ɗauke da cutar ba ya wuce kwana goman nan bai nuna ciwo ko ya mutu ba. Ko a hakan ma ba a zama jira, ana fara allurar ne, in kare ya cika kwanakin garau likita ya ce a tsaya. In kuma an kashe, kan ake kaiwa a gwada ƙwaƙwalwar. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana wannan gwajin, kuma ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ya san hanyar aikawa. Naku ya tafi rafi, saboda haka ba sauran abin dogaro sai allura har ƙarshe.

Ki sa maigida ya tambayi maƙwabcin: wa kuma karen ya ciza ko ya yaƙusa a makon nan? Samarin da suka kashe shi, akwai mai ciwo a hannu da yawu ya taɓa? Ya ciji wasu karnukan farautar, ko akuya, ko jaki? Shanu da jakuna ma suna kamuwa. Sauran karnukan kada a fita daji da su sai likitan dabbobi ya gan su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 cutar nan ke kashewa duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duka ta hanyar kare. Ga shi allurar karen ta fi ta mutum araha nesa ba kusa ba: daga wata uku da haihuwa, sai a riƙa maimaitawa duk shekara. Maharba za su sayi laya su rataya wa kare, amma ka ce a kawo shi rigakafi sai a ce maka karen daji ba ya ciwo.

Baban Hanifa:

'Yar'uwa, ki karanta wa maigidanki wannan. Ƙanena ɗan kwikwiyo ne ya ɗan cije shi a yatsa, ko jini bai zuba na kirki ba, muka yi dariya. Bayan wata biyu ya fara cewa hannun yana masa zugi. Kwana biyu tsakani, na miƙa masa ruwa a kofin silba, ƙishi na cin sa, ya kai hannu zai karɓa sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture kofin yana kuka yana ba ni haƙuri. Iskar fanka ma firgita shi take. Muka ce aljanu ne, muka kwana ruƙiyya. Da muka kai shi asibiti likita ya tambaye mu kare ya taɓa cizonsa, wallahi sai da muka yi tunani kafin mu tuna. Yana cikin hankalinsa yana gane mu har kusan ƙarshe. Kuɗin da muka kashe a kwana huɗun nan ya ninka na allurar ban san sau nawa ba. In akuya ce a gidan ku sayar.

Maman Sadiku:

Allah ya jiƙan ƙaninka Baban Hanifa, ya sa ya huta. Maigida da kansa ya karanta, bai ce uffan ba, da asuba ya je ya aro babur. Daren jiya na wanke ciwon kamar yadda Anti Nas ta ce, Sadiku yana ihu Hajiya tana faɗa, na toshe kunnena. Yau Alhamis an yi masa ta farko a dantse, an rubuta mana ranaku a kati, ta biyu ran Lahadi. Na ce ai Lahadi ba aiki, nas ɗin ta ce mu shigo ta ɓangaren gaggawa. Imunogulobulin babu a nan, sun ce mu nema a Zariya kafin Alhamis mai zuwa, ƙanen maigida zai shiga gobe.

Malam Na-Samaru, an tambaya. Ashe ranar Lahadi karen ya yaƙushi 'yar mai shi a hannu, ta ɓoye don kada a dake ta. Uwarta ta ce gobe za ta biyo mu da ita.