Ƙunar ruwan zafi ga ƙaramin yaro: me ya dace a yi kafin a isa asibiti?

Maman Biyu, Garin Malam:
Assalamu alaikum. Shekaranjiya da asuba, saboda sanyin hunturun nan, na ɗora ruwan wanka a murhu na shiga ɗaki ɗauko zane, sai ɗana mai shekara 2 ya jawo tukunyar, ruwan ya kwarare masa a cinya. Kafin in dawo hayyacina maƙwabta sun cika gidan, wata ta shafa masa man goge baki, wata ta fasa ɗanyen ƙwai a wurin, amma da muka je asibiti aka ce duk kuskure ne, kuma an sha fama wajen wanke ciwon. Ina roƙon masu sani su faɗa mini abin da ya dace, da yadda zan kiyaye ƙanwarsa da ta fara rarrafe.

Ma'aikaciyar jinya, Birni:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya, 'yar uwa. Maganin farko na ƙuna ruwa ne mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a riƙa zuba shi a hankali har tsawon minti 20, domin zafin yana ci gaba da cin naman ko bayan an janye yaron daga wuta. Na san halin ruwa a Damagaram, ba kowane gida ke da famfo mai zuba ba, saboda haka a cika buta daga randa, a tara kwano a ƙasa. A lulluɓe sauran jikinsa kada sanyi ya kama shi, a cire awarwaro ko zobe tun wurin bai kumbura ba, amma rigar da ta manne da fata a bar ta. Kada a fasa bororon da ya tashi, a rufe da tsabtataccen ƙyalle kawai. Man goge baki, ƙwai da man shanu suna riƙe zafi kuma suna kawo ƙwayoyin cuta. Fatar yaro ta fi ta babba laushi, don haka ƙunar da ta kai faɗin tafin hannunsa, ko ta taɓa fuska, hannu, gaɓoɓi ko al'aura, ta asibiti ce ba ta gida ba.

Baba Tela, Zengo:
'Yata, sannu da jinya. Ni abin da nake tsoro a wannan lokaci shi ne kaskon garwashi da ake shiga da shi ɗaki a kulle ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum yana barci take sumar da shi. A ji ɗumi a waje, a kashe wutar kafin a kwanta. Idan gobara ta tashi, lambar 'yan kwana-kwana a nan Nijar 18 ce.

Malamin makaranta, Sabon Gari:
Hajiya, tunda kin ambaci mai rarrafe, ki dubi durorin da muke tara ruwa da bokitan wanki. Yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba, kuma ba ya ihu, kansa ne ke rinjayarsa ya kifa ciki. A rufe duro da rijiya da murfi mai nauyi, a zubar da ruwan wanki nan take. Sai kuma fetur da kananzir da ake sayowa a kwalaben lemo a ajiye bakin ƙofa. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin man yana iya shiga huhunsa, a garzaya da shi asibiti.

Maman Biyu, Garin Malam:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na mayar da murhun lungu na kange shi da bulo, an kuma ɗauke kwalbar fetur ɗin babur daga zaure. Gobe za mu koma a sake wanke masa ciwon.