Watansa takwas ya ƙi kunu, an yi masa ɗura

Maman Sultan: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku bar ni in amayar da abin da ke cikina, tun jiya ban runtsa ba. Sultan watansa 8, ban da nono ba abin da yake yarda ya shiga bakinsa. Na dama koko, na dama kunun gyaɗa, Cerelac ɗin da maigida ya saya da tsada har yau gwangwanin bai kai rabi ba. Da ya hango cokali sai ya datse baki ya kau da kai, in na samu na zura masa ya turo da harshe. Jiya na dawo daga makarantar da nake koyarwa na tarar da rigarsa kaca-kaca da koko, idonsa jawur, muryarsa ta dishe. Ashe mahaifiyar maigida ce ta kwantar da shi a cinya, ta tara hannu a bakinsa, ta toshe masa hanci ta yi masa ɗura. Kwana ya yi yana tari. Na yi wa maigida magana ya ce in yi haƙuri, shi ma haka aka yi masa. Wallahi wannan jahilci ne, kuma na gaji. Don Allah me zan ba shi ya ci?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Jahilci? Matar da ta haifa miki miji, ta raine shi har ya zama mutumin da kika gani kika ce kina so, ita ce yau jahila? 'Yata, ki janye wannan kalma.

Uwar Biyu: Gaskiya Hajiya ta faɗa. Da ba ki sa "jahilci" ba da yanzu kin samu shawara goma.

Maman Sultan: Hajiya, ki yi haƙuri, aikin na kira jahilci, ban ce ita ba.

Hajiya Babba: Aiki yana yin kansa ne? Ni nan da ɗura na raini nawa duka, ga su nan da ransu, har da mai digiri biyu. Wato mu ma jahilai ne ke nan.

Zee Kaduna: To amma Hajiya, a bar kalmar mana. An toshe wa jariri hanci fa! In ba jahilci ba a kira shi me, ilimi?

Uwar Biyu: Ke Zee, kullum in ana maganar uwar miji ke ce kan gaba. Kowa a nan ya san taku ba ta jituwa.

Zee Kaduna: Tawa surukar ba ta shigo zancen nan ba, kada ki sako ta.

Anti Nas: Don Allah ku dakata, akwai abin da ya fi kalmar gaggawa. Maman Sultan, tarin nan na ji. Haɗarin ɗura shi ne yaro yana kuka yana jan iska, sai kunun ya bi hanyar numfashi ya sauka huhu, daga nan limoniya take kama wasu. Ki ɗaga rigarsa lokacin da ya natsu ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. A watanninsa, in ya kai 50 ko ya wuce, ko kika ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja iska, ko jikinsa ya yi zafi, ki kai shi asibiti yau, kada ki jira gobe.

Batun ci kuwa, turo abinci da harshe da kau da kai abu ne da yara da yawa suke yi a farko. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi nono zalla har wata 6, daga nan a fara ƙarin abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Daga wata 6 zuwa 8 sau 2 ko 3 ne a rana, ana farawa da cokali 2 ko 3 kacal, ba kofi guda ba. Dalilin da ba a barinsa da nono kaɗai shi ne sinadarin ƙarfe mai gina jini da ya zo da shi daga ciki yana raguwa wajen wata 6. Shi ya sa koko tsararo ba ya wadatarwa, cika ciki kawai yake. Ki yi shi da kauri yadda zai zauna a cokali, ki sa garin gyaɗa ko waken soya da aka soya, ko dafaffen ƙwai, ko hanta da aka niƙa, da ɗan manja. Ki zaunar da shi zaune, ba a kwance ba, lokacin da bai ƙoshi da nono ba kuma bai kai ga kukan yunwa ba. In ya ƙi ki ɗauke, gobe ki sake kawowa. Wani yaron sai an kawo masa abu ɗaya wajen sau goma kafin ya karɓa. Ki kuma leƙa bakinsa, in akwai farare-farare a harshe ko kumatu ta ciki, zafi ne yake hana shi.

Hajiya Babba: Duk wannan lissafin, da babu hukumar duniya yara ba su girma ba? Kuma ni wani abu ma ya fi damuna. Ɗan fari ne fa, amma ki ji yadda take rangaɗa sunansa gatsal a gaban mutane, tana ta ɗana ɗana. A zamaninmu ko kallonsa ba ka yi a gaban surukai. Rashin alkunyar nan ne ya sa kaka ba ta isa ta taɓa jikanta ba.

Zee Kaduna: Alkunyar da za ta sa in ga ana shaƙe min ɗa in yi shiru, Allah ya raba ni da ita.

Uwar Biyu: Ni tambayata ɗaya. Wa yake riƙe yaron daga safe har azahar? Ita tsohuwar. Yana tsala kukan yunwa, nonon yana makaranta. Me kike so ta yi? Wanda ya bar ɗansa ya tafi aiki ai sai ya ɗauki abin da ya tarar.

Maman Sultan: Ina tatsa in bar masa a kofi. Kuma aikin nan da shi ake sayen rabin abin da ake ci a gidan.

Zee Kaduna: Ga shi nan, an dawo kan mata masu aiki. Dama can nan aka nufa.

Maman Rashida Maraɗi: Sannunku. Ni tawa cokali ne ba ta so, ba abinci ba. Na daina binta da shi, in mun zauna cin abinci sai in ajiye ta a tabarma kusa da yayyenta, in sa mata dafaffen dankalin Hausa mai laushi da 'yar kabewa a faranti. Farko wasa take yi da shi, tana mutsuttsukewa tana shafa wa kanta, daga baya hannun ya fara zuwa baki. Ki gwada, amma ki zauna kusa da shi, kuma kada ki ba shi gyaɗa ƙwaya ko wani abu mai tauri.

Ummi Mai Gari: Masha Allah. Masu fama da irin wannan, ina da haɗin garin kunun yara, gero da alkama da waken soya da dabino, ko yaro ya fi kowa taurin kai sai ya sha. Ana aikawa ko'ina. A biyo ni ta gefe.

Malama Hassana: Ni dai shawarata ki ɗiga masa zuma a cikin kunun. Zaƙin zai ja shi, ga kuma waraka, Allah ya faɗa a Suratun Nahli. Kuma kada a manta shekara biyu cikakku Alƙur'ani ya ambata na shayarwa a Baƙara, aya ta 233, to gaggawar me ake yi?

Anti Nas: Malama, shekara biyun ba mu saɓa ba, shayarwa ta ci gaba, abinci ƙari ne a kanta. Amma zuma kada a ba yaron da bai cika shekara 1 ba. Tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin babba yake iya kashewa, na jariri bai kai ba, kuma gubarta tana sa jikin yaro ya saki har ta taɓa numfashi.

Malama Hassana: Subhanallahi. Abin da Allah ya kira waraka shi za a ce yana da cuta? Anti, ki iya bakinki.

Anti Nas: Ban musa ayar ba, Malama. Tuwo ma halal ne, amma ba a ba ɗan kwana bakwai.

Uwar Biyu: Haka suke, komai na iyaye sai sun ce haɗari ne. Jiya ɗura, yau zuma, gobe kuma wankan jego.

Zee Kaduna: Wankan jegon ma ai da magana a kansa.

Hajiya Babba: Kun ji ko? Na faɗa muku ba yaron ne a gabansu ba.

Maman Sultan: Anti Nas, na ƙirga, 42 na samu, jikinsa ba zafi. Amma har yanzu yana ɗan tarin.

Uwar Biyu: To kin gani, lafiyarsa ƙalau. Sai ki je ki ba tsohuwa haƙuri.

Anti Nas: Alhamdu lillahi, amma ki sake ƙirgawa da yamma da kuma dare. In tarin ya ƙaru ko ya rage kama nono, ki kai shi a duba.

Shugabar Zaure: To jama'a, ya isa haka, saƙo ya yi yawa. Ga abin da na fahimta. Na farko, kusan kowa ya yarda Maman Sultan ta yi kuskure da ta kira aikin surukarta jahilci, ya kamata ta je ta durƙusa ta nemi gafara, don albarkar aure tana wajen iyaye. Na biyu, iyayenmu ba su yi ɗura don mugunta ba, tausayi ne, in za a yi sai a yi a hankali. Na uku, masu fita aiki su riƙa gode wa masu riƙe musu yara. Batun zuma kowa ya bi fahimtarsa. Mai son garin kunu ta nemi Ummi, ƙanwata ce, na san tsaftarta. Zee, wannan ne gargaɗi na ƙarshe a kan yi wa manya tsaurin ido.

Anti Nas: Shugaba, don Allah a gyara na biyun. Babu ɗurar da ake yi a hankali in an toshe hanci, kuma zuma ba batun fahimta ba ne ga ɗan wata 8.

Shugabar Zaure: Anti, an ji naki tun ɗazu. Na rufe zaure sai bayan sallar isha'i. Waɗanda ba su kawo kuɗin adashen wannan makon ba su turo kafin Juma'a.