Me za mu kira Tanzkarte da Hausa?

Jama'a, ga wata kalma da ke neman suna. Jamusawa na ce mata Tanzkarte, Faransawa kuma carnet de bal. Ɗan littafi ne da bai wuce tafin hannu ba, wanda mace ke ratayawa a wuyan hannu ko a jikin riga idan za ta babbar liyafar rawa. Ya yi tashe a Turai a ƙarni na 19, musamman a Viyana ta ƙasar Ostiriya.

A ciki an jera raye-rayen daren bi da bi, su wals da polka da sauransu, kowace da gurbi a gabanta, ga ɗan fensir ɗaure da zare. Namiji zai zo ya nemi izini. In ta yarda, a rubuta sunansa a gaban rawar da suka tsayar. Daga nan wannan rawar tasa ce, ko wa ya zo daga baya sai dai ya yi haƙuri. Wanda aka rubuta sunansa ya ƙi bayyana kuwa ya yi abin kunya. Ita ma in sunan mutum ɗaya ya cika yawa a littafinta, ta jawo wa kanta tsegumi.

Wani malami ya ce a kira shi "katin rawa". Malam, da girmanka, Bahaushe na jin haka zai ɗauka katin gayyata ne, alhali wannan bayan an shiga zaure yake aiki. "Jadawalin rawa" ya kama rabi: akwai jerin, babu mutanen.

Wata Hajiya ta kawo "katin kamu", kuma ya burge ni, don ai kama gurbi ake yi. Matsalar dai kamu ya riga ya zama na amarya. Ka faɗe shi a Kano, sai a tambaye ka yaushe ne ɗaurin aure.

Ni na tsaya a kan "katin alkawarin rawa". Ya ɗan yi tsawo, amma abin da ake rubutawa ciki alkawari ne, kuma yana shiga jimla ba gargada: "katin alkawarinta ya cika", wato ba sauran gurbi.

Wanda ya rage mana shi ne Damenspende, 'yar kyautar da masu shirya liyafa ke ba mata a bakin ƙofa. A da, katin kan zo a cikinta. Har yau ana bayar da ita a liyafofin Viyana, ko da yake katin kansa ya ja baya. Shin "tsarabar mata" ta yi, ko tsaraba sai an dawo daga tafiya?